Tsohon Singer, ɗan Japan ko Butterfly: wanne za ka ɗauka, kuma yaya za ka san shekarunsa?

Da kaka ta yi, an sayar da wake da auduga, an fara sa ranakun biki, shagona da ke Tudun Wada a Gusau ba ya rabuwa da masu sallama da kan keken ɗinki ɗaure a bayan mashin. Ni tela ne, amma zaman da na yi a gaban maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sa na iya kwance keke in mayar, don haka ake kawo mini in duba kafin a biya kuɗi. Tambayar kusan ɗaya ce kullum: "Malam, wanga na da ne, ko fenti aka yi mai?" Wani zai saya wa 'yarsa ne a kayan ɗaki, wata za ta fara karɓar ɗinki a gida, wani kuma yaron shago ne da ya samu 'yanci yana neman keken farko. Dukkansu suna tsaye ne tsakanin baƙaƙen kekuna masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, alhali wani ya girmi wani da shekara sittin.

Ma'aunina biyar ne. Na farko, ana iya tabbatar da asalin keken da shekarunsa, ko sai dai a ɗauki maganar mai sayarwa? Na biyu kuɗi, har da abin da zai ci kafin ya fara ɗinki. Na uku ƙarko. Na huɗu shi na fi ba nauyi, wato sauƙin zama da shi: in ƙoshiya ta fashe ko kwarkwaro ya ɓata ana jajibirin sallah, za a same su a kasuwar Gusau, ko sai an yi aike Kano? Na biyar haɗarin a rufe ka. In na ce kwarkwaro ina nufin abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, ƙoshiya kuma gidan da ake saka shi.

Karanta lambar Singer

A cikin duk kekunan nan, Singer kaɗai ne ya ajiye rajistar da kowa zai iya dubawa. Lambar tana kan faifan da yadi ke kwanciya, ta gaba, hannun dama, daidai gindin wuyan keken. Sau da yawa tsohon mai da ƙura sun rufe ta. Ɗiga kalanzir a tsumma, ka goge wurin lambar kaɗai, ka bi da tsohon buroshin haƙori, sannan ka haska fitilar waya ta gefe, a kwance, ba daga sama ba. Hasken gefe ne ke fito da inuwar lambobin, har ka bambanta 3 da 8. Kada ka ɗauki lambar jikin mota, in keken yana da ita, wannan ta motar ce.

Harafin da ke gaban lambar shi ne mabuɗi. In babu harafi ko ɗaya, kuma keken Singer ne na gaske, an yi shi kafin 1900. In Y ce, daga masana'antar Clydebank da ke Sikotilan ya fito, tsakanin farkon shekarun 1920 zuwa 1935. Daga 1935 masana'antar ta koma haruffa biyu masu farawa da E: EA, EB, EC, haka har gaba, kuma waɗannan su na fi gani a nan, don mu kayan Ingila aka fi kawo mana zamanin Turawa. Mai EK, alal misali, ɗan tsakiyar shekarun 1950 ne. Masu farawa da A kuwa, daga AA a 1924 har zuwa AM a ƙarshen shekarun 1950, na masana'antar Elizabethport ne a Amurka, haka ma G tilo wadda ta riga su, daga 1910 zuwa 1924. Akwai cikakken jadawalin a intanet, ka sa harafi da lamba ka ga samfurin da shekarar. Sai dai ranar da za ka gani ita ce ranar da aka ware wa rukunin kekunan lambobi, keken kansa yana iya fitowa bayan wasu watanni.

Akwai alamu biyu masu taimakawa. K ɗin da ke bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, tana nufin Kilbowie, unguwar da masana'antar Clydebank take. Wannan masana'anta an rufe ta a 1980, don haka wanda ya ce maka ga sabon Singer ɗan Ingila a kwali, ka riƙe kuɗinka. Ta biyu, tambarin tagulla mai shuɗin baki da aka rubuta 1851 da 1951 a jiki: na cikar kamfanin shekara 100 ne, keken da ke ɗauke da shi ɗan wannan tsakanin ne. Ƙananan ƙarafan Singer na asali kuma za ka ga an buga musu Simanco da lamba.

Zanen ruwan zinare kuwa kada ya ruɗe ka. Zanen nan mai hoton gunkin Masar mai fukafukai ya daɗe ƙwarai, amma an sake buga shi a kan sababbin kekunan da aka yi a Asiya da sunan Singer shekaru da yawa bayan haka. Zane ana manna shi, lamba kuwa a cikin ƙarfe take.

Singer 15

Wannan shi ne uban gidan, tun 1879 asalinsa yake. Gane shi ba wuya: tenshan, wato faifayen nan masu matse zaren sama, a fuskar hagu yake, yana kallon gefe, ba ya kallon mai ɗinki. Ƙoshiyarsa ana zaro ta ne daga ƙasa ta gefen hagu. Duk baƙin keken da kake gani a shagunan teloli, na Japan, na Sin, na Indiya, shi aka kwaikwaya, shi ya sa kwarkwaronsa da allurarsa da bel ɗinsa suke ko'ina, daga Gusau har Talata Mafara da Kauran Namoda.

Amma akwai wani tarko da ya sha kayar da mutane. Singer 15 iri biyu ne. Tsofaffin, irin 15-30 da 15K80, ba su da ribas, wato ɗinki da baya, ɗan ƙulli ne kawai ake murzawa don tsawon ɗinki. Ɗan yatsan ƙoshiyarsu yana nuna ƙarfe 1 a fuskar agogo, gefen allura mai faɗi yana kallon dama, zare kuma daga hagu ake zura shi. Wannan tsarin ne kwaikwayon ya bi, don haka ƙoshiyar kasuwa tana shiga musu daidai. Na baya, daga 15-88 zuwa 15-91, suna da libar ribas, amma komai ya juya: yatsan ƙoshiya yana ƙarfe 11, gefen allura mai faɗi yana hagu, zare daga dama. Na ga keke lafiyayye da aka jingine shekara uku ana cewa yana tsallaken ɗinki, ashe allura ce aka sa a baibai, aka kuma cusa masa ƙoshiyar da ba tasa ba.

A kuɗi yana sama, mai kyan jiki yakan kai sabon keke ko ya wuce, don sunan ma ana saye. A ƙarko ba a magana: kan keken kaɗai ya kai kilo 13 na baƙin ƙarfe, yana cin shadda ninki huɗu ba tare da ya yi gardama ba. Haɗarinsa shi ne shi aka fi yi wa jabu. Sannan ka kula da 15-91 da ke zuwa cikin gwanjon Amurka: motarsa a haɗe take da jikin keken, ba ya hawa ƙafa, wutarsa kuma 110 ce, tamu za ta ƙona shi in ba a sa masa abin rage wuta ba. Mai son keken ƙafa ya nemi mai babban wili mai huji-huji, ba ƙaramin toshasshe ba.

Singer 66, 99 da 201

Waɗannan tenshan ɗinsu a gaba yake, yana kallonka, kwarkwaro kuma jefa shi ake yi ta sama bayan an zame murfi, babu ƙoshiyar da ake zarowa. Samfurin 66 ya fito a 1902, 99 ƙanensa ne da ya biyo baya a 1911, aiki iri ɗaya amma jiki kashi uku cikin huɗu. Ƙanƙantar nan tana da illa: faifan 15 da 66 da 201 kusan inci 14 da rabi ne, tebur ɗaya suke hawa, 99 kuwa ba ya cika ramin, sai kafinta ya yi masa dabara. Amfaninsa a keken hannu ne, wanda ake ɗauka daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko tela mai yawo ya saɓa a kafaɗa.

Shi kuwa 201, wanda ya shigo a shekarun 1930, a ganina Singer bai taɓa yin keken gida da ya kai shi ba. Ƙugiyar da ke kamo zare a ƙasa zagayawa take yi gaba ɗaya maimakon kai-komo, giyar ƙarfe mai haƙora ce ke tuƙa ta, shi ya sa in kana taka shi sautinsa kamar ana raɗa. Ɗinkinsa a kan farin yadin kaftani sai ka ce da rula aka ja. Yana da ribas. A shekarun 1950 Clydebank ta yi wasu da alminiyam, sun fi sauƙin ɗauka, maganaɗisu ba ya kama jikinsu, kada ka ce jabu ne saboda wannan.

Matsalar gidan nan ɗaya ce, kuma babba ce a wurinmu: kwarkwaronsu daban ne. Gajere ne mai ɗan doro a gefe, na 15 kuwa dogo ne miƙaƙƙe, ba ya shiga. Allura dai iri ɗaya ce. In za ka saya, ka sa mai sayarwa ya haɗo maka da duk kwarkwaron da yake da su, ka ƙirga su kamar kuɗi. Ana samun 66 da 99 da rahusa a wasu lokuta saboda teloli suna gudunsu, 201 kuma wanda ya san shi ba ya sakin sa da arha. Jabu bai cika shiga nan ba, don masu kwaikwayo ba su damu da su ba.

Masu doguwar ƙoshiya: 27, 28, 127, 128

Suna cikin mafi tsufa da za ka iya cin karo da su. Murfin ƙasa biyu ne dogaye, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙoshiyar kuma doguwa ce mai tsini kamar harsashi, tana lilo, kusan irin ta masaƙa.

Bara wata gwaggona ta aiko a kira ni. Na tarar ta sa an fito da akwatin katako mai doro daga ƙarƙashin gado, an shimfiɗa masa tabarma. Ta ce, "Ɗana, dubo mini wanga. Wasu yara sun zo har sau biyu, wai akwai jar zaiba ciki, suna ba ni kuɗin da ya ba ni tsoro." Na buɗe. Keken hannu ne 28K, zanen ya goge daidai inda hannun hagu ke tura yadi, har ƙarfen ya yi santsi yana sheƙi. Wani tsohon ƙyalle na naɗe a wuyansa cike da allurai masu tsatsa. Na goge lamba, sai ga Y. Na ce, "Gwaggo, wannan ai ya girme ki." Ta ce na uwar mijinta ne, daga kanti aka sayo mata da kuɗin gyaɗa. Lissafin ya hau, don a 1929 ne layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Kauran Namoda, kayan kanti suka fara samun hanya. Na ɗiga masa mai, na juya, ya ɗinke bakin zani tsaf. Na ce mata babu komai a cikinsa sai ƙarfe da tsohon mai. Ta yi dariya ta ce, "To dama ko akwai ba ni saidawa."

Maganar zaibar nan tsohuwar ƙarya ce. A 2009 ta tashi a Saudiyya, mutane suka riƙa sayen tsofaffin Singer da kuɗi na fitar hankali, ana kara waya kusa da allura wai in layi ya yanke to akwai ta. Babu wani abu mai suna jar zaiba a cikin keke. Kuma tsufa kaɗai ba ya mayar da shi zinare: masana'antar Clydebank ita kaɗai ta fitar da kekuna miliyan 36 tsakanin 1884 da 1943.

Ga mai neman abinci ba na ba da shawararsu. Ba ribas, ba sauri, kwarkwaron ba ya cin zare da yawa, in tsinin ƙoshiyar ya cinye kuma samun wata sai an sha wuya.

'Yan Japan

Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan suka shiga buga kwaikwayon 15 ba ƙaƙƙautawa, ciki har da kamfanonin da suka yi suna daga baya irin Brother da Janome da Toyota. Sukan fito da sunaye barkatai, duk sunan da mai oda ya ga dama, wasu baƙaƙe, wasu kore ko shuɗi. Babu rajista, sai kintace da alamu. In an rubuta Made in Occupied Japan, to tsakanin 1947 da 1952 ne. Masu launi da ado kamar motar da, yawanci na ƙarshen shekarun 1950 ne zuwa na 1960. Kifa kan keken ka duba ƙasa, sau da yawa akwai JA ko JC da 'yar lamba, alamar masana'anta ce. Da yawansu suna da ɗan maɓalli a kan faifai na sauke haƙoran da ke jan yadi, abin da tsohon 15 bai da shi.

A nan aka taɓa rufe ni. Ina sabon buɗe shago na je wata kasuwar ƙauye, na ga kan keke yana walƙiya, sunan Singer ɓaro-ɓaro a wuya. Mai shi ya rantse na wani tsohon ma'aikacin reluwe ne. Na biya kuɗin Singer ina murna. Da na kai wa maigidana bai ko taka shi ba, ya sa farce a kan tambarin ya ce, "Kai, tun yaushe Singer ke ɗaure tambari da sukuru?" Nasu da ƙusa ake dasa shi. Ya kankare inda lamba ya kamata ta kasance, ba komai sai fenti. Ya kifa shi, ga JA a zaune. Na kwana uku ina jin haushi. Abin dariyar shi ne keken yana nan a shago har yau, yara huɗu sun koyi ɗinki a kansa, ban taɓa canza masa komai ba sai bel da robar naɗin zare. A kuɗi aka cuce ni, keken kansa bai ci amanata ba.

Shi ya sa nake cewa ɗan Japan da aka sayar da sunansa na gaskiya shi ne garaɓasar kasuwar nan. Yana da ribas, yana cin kayan gyaran da ke ko'ina, ƙarfensa mai kyau ne, kuɗinsa kuma ƙasa da na Singer saboda ba shi da sunan da za a yi alfahari da shi.

Butterfly

Ɗan Shanghai ne, shi ma jikan 15, samfurin JA2-1 da JA2-2 su suka cika gari. Shekarunsa ba su karantuwa daga lamba, kuma ba wani abin damuwa ba ne. Teloli dai sun yi ittifaƙi cewa na da ya fi na yanzu nauyi da laushin tafiya, ni ma haka hannuna ya gaya mini. Sabo kuwa sai an yi hattara, don sunan ya yi farin jinin da masu jabu suka bi shi. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka kifa ka duba ko ƙarafan ƙasa an goge su sumul ko kaushi ne da su kamar yanzu aka fasa zubi. Sabo yakan buƙaci saiti wurin mai gyara kafin ya daidaita, ka sa wannan a lissafi. Kowane mai gyara ya san shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda za a kai aure ƙauye. Usha na Indiya ma a layin nan yake.

| Keke | Sanin shekaru | Kuɗi | Ƙarko | Kayan gyara a nan | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Singer 15 | Tabbas, ta lamba | Sama | Sosai | Ko'ina, ban da ƙoshiyar ƙarfe 11 | Jabu da fenti |
| Singer 66 da 99 | Tabbas | Tsaka-tsaki | Sosai | Kwarkwaro na wuya | 99 ba ya cika tebur |
| Singer 201 | Tabbas | Mafi sama | Sosai | Kwarkwaro na wuya | Mai motar 110 |
| Doguwar ƙoshiya | Tabbas | Ba tsayayye | Jiki sosai, ƙoshiya na cinyewa | Da ƙyar | 'Yan zaiba |
| Ɗan Japan | Kintace | Ƙasa | Sosai | Ko'ina | A sayar da shi a matsayin Singer |
| Butterfly | Babu | Na hannu ƙasa, sabo na bin dala | Na da ya fi | Ko'ina | Jabu a sababbi |

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka zauna a kansa. Tafi da ƙyallenka biyu, atamfa da wani mai kauri. Kama sandar allura ka girgiza, in tana wasa gefe da gefe to ta cinye, gyaranta ba na yau ba ne. Duba ƙasan faifai ko akwai tsaga ko walda, don baƙin ƙarfe in ya faɗi fashewa yake. Keken da ya ƙi juyawa saboda daskararren mai kuwa kada ya tsorata ka, kalanzir da haƙuri suna tayar da shi, kuma dalilin neman ragi ne. Mafi yawan daskarewar nan man gyaɗa ne ya jawo ta, wanda ake ɗiga wa keke in man keke ya ƙare, ya bushe ya zama danƙo. Zanen zinaren kuma kada a wanke shi da ruwa da omo, fari yake komawa. Man keke a auduga ya isa.

Wa ya dace da wanne

Yaron da ya fita daga gaban maigida da ɗan jarinsa, ya nemi ɗan Japan ko tsohon Butterfly, ragowar kuɗin ya sayi almakashi na kirki da dutsen guga. Amaryar da za a kai nesa da gari, inda mai gyara sai ranar kasuwa, a ba ta Butterfly da aka riga aka saita, ko Singer 15 mai ƙoshiyar ƙarfe 1, a haɗa mata da kwarkwaro da allura masu yawa. Telan da ya kafu, mai ɗinkin manyan mutane, wanda ake duba layin ɗinkinsa a wuyan kaftani, in ya ga 201K na ƙafa ya saya ko da ya ɗan ji a aljihu, ya yi odar kwarkwaronsa daga Kano sau ɗaya ya huta. Mai ɗinkin gida jefi-jefi, facin kayan yara da bakin zani, 99K na hannu ya ishe ta. Mai neman keken yin aiki a wuyan riga kuwa duk waɗannan ba nasa ba ne, ɗinki miƙaƙƙe kaɗai suke yi, ya tara kuɗin Singer 20U, keken da ke ɗinkin zigizag. Wanda kuma ya gāji mai doguwar ƙoshiya a gida, ya karanta lambar, ya rubuta shekarar a takarda tare da sunan mai shi ta farko, ya saka a cikin akwatin, ya riƙa ɗiga masa mai sau biyu a shekara.